Kakuri, masana'antar makamai da wasan harbin da doka ta ƙuntata

Tun shekarar 1964 aka kafa hukumar ƙera makamai ta DICON, wadda masana'antarta ke Kakuri a kudancin Kaduna, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar da ta faɗaɗa ayyukanta. Sai dai duk da wannan daɗewa, bindiga a tunanin mazaunin Kaduna kayan soja ce ko ta ɗan ta'adda. Da wuya ka ji an ambace ta a matsayin kayan wasa, alhali harbi yana cikin wasannin Olamfik tun 1896.

A Amurka da sassan Turai, kulob-kulob na shirya gasa a cikin rufaffen zaure, inda wasu ke shiga da libarba irin ta da, wadda sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi. Jinkirin nan shi ne armashinta, domin yana tilasta wa maharbi natsuwa da daidaita numfashi.

A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta jera libarba da fistol cikin haramtattun makamai, tare da bama-bamai da bindigogin yaƙi, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. A ƙasar da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, har gwamnatin Zamfara ta nemi jama'a su mallaki makamai a 2022, babu mai hankalin da zai nemi a sassauta wannan sashe saboda wasa. Birtaniya ma ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yaran makaranta a Dunblane, lamarin da ya sa 'yan wasanta suka riƙa zuwa ƙetare domin atisaye.

Amma akwai ƙofar da dokar ta bari. Bindigar iska tana rukuni na biyu, wanda lasisinsa ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Da irinta ake gasar mita 10, kuma da ita Yusuf Dikeç na Turkiyya ya ci azurfa a Paris a 2024, hannu ɗaya a aljihu. Abin da take buƙata bai wuce zaure da allon saiti da ƙwayar dalma mai milimita 4.5 ba.

A nan ne gwamnatin Kaduna da hukumar wasan harbi ta ƙasa ke da abin yi. Garin da ke da makarantar horar da hafsoshi ta NDA ba zai rasa masu koyarwa ba. Sharaɗin dai shi ne kada kowa ya tafi gida da bindiga: a ajiye ta a ma'ajiyar kulob, a rubuta sunan duk wanda ya ɗauka da lokacin da ya mayar.