ADHD: Ba Kowace Ƙiriniya Ce Rashin Tarbiyya Ba

Gardamar ta daɗe a Amurka da Turai, yanzu kuma ta shigo wayoyinmu. Shin ADHD, wato kasa tara hankali wuri guda da rashin iya zama a waje ɗaya, larura ce ta gaskiya, ko kuwa kamfanonin magani ne suka ƙago ta don kasuwarsu ta ci? Ra'ayina shi ne larura ce, amma masu musu ma suna da abin faɗa.

Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya bayyana mutanen da hankalinsu ba ya tsayawa kan abu guda. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara masu irin wannan hali. A lokacin babu Ritalin, maganin da ake ba masu larurar, balle ribarsa. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado na da kaso sama da 70 cikin ɗari a lamarin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a kundinta na cututtuka. A Denmak, wani bincike na 2015 ya gano cewa mutuwar ƙuruciya ta fi yawa a cikin masu larurar, galibi ta hanyar haɗari.

Masu musu suna cewa babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Haka ne. Suna kuma kafa hujja da binciken jami'ar Harvard na 2018, wanda ya nuna cewa yaran da suka fi ƙanƙanta a aji sun fi samun wannan laƙabi, alhali wataƙila ƙuruciya ce kawai. A Amurka kusan yaro 1 cikin 9 aka ce yana da ita, a duniya kuwa ƙiyasin bai wuce kusan 5 cikin ɗari ba. Wannan zarce gona da iri ne wajen tantancewa. Amma don wani likita ya yi gaggawar yanke hukunci, ba za a ce ciwon ƙarya ne ba.

Ka'idar likitoci tana da tsauri: alamun su bayyana kafin shekara 12, su ɗauki aƙalla wata 6, a gan su a gida da makaranta, kuma su riƙa cutar da karatu ko zamantakewar yaron.

Mu a nan matsalarmu akasin ta Amurka ce. Yaron da ya kasa natsuwa a aji mai cunkoso sai a ce masa daƙiƙi ko mara ji, a bi shi da bulala, wani lokaci a ce aljanu ne. Ya girma yana ganin kansa mara amfani.

Iyaye da malamai, idan duka da faɗa sun shekara ba su canza komai ba, ku ajiye bulala. Ku kai yaron wurin likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa a duba shi.