Ƙarar Warware Aure: Kada Sammaci Ya Tona Asirin Mai Gudun Tsira

Cikin 'yan Arewa mazauna Kudu akwai 'yan Katolika masu yawa daga kudancin Kaduna, Filato da Adamawa. A cikinsu akwai matan da suka gudo Ikko ko Badun don su tsira daga dukan miji. Wata takan so ta sake aure a coci, amma da ta ji cewa kotun coci za ta aika wa tsohon mijin sammaci, sai ta ja da baya don tsoron kada ya gano inda take.

Cocin Katolika ba ya raba auren da ya ɗauru. Aikin kotunsa shi ne ta bincika ko auren ya ɗauru tun ran farko. Duka kaɗai ba ya warware aure, amma yana iya zama shaida cewa an yi auren bisa tilas ko yaudara, ko kuwa mijin tun asali ba zai iya ɗaukar nauyin aure ba.

Tilas ne a sanar da mijin, domin hukuncin da aka yanke ba a ba shi damar kare kansa ba, ba ya aiki. Amma wannan bai wajabta a gaya masa inda matar take zaune ba. Dokokin coci na 1983 sun ba alƙali ikon ɓoye wata takarda idan bayyana ta zai jawo babban haɗari. Akan ji bayanin kowa shi kaɗai, in kuwa mijin ya ƙi amsa kira, shari'a sai ta ci gaba. Doka ta 1153 ta yarda wa wadda ranta ko na 'ya'yanta ke cikin haɗari ta bar gidan, ko da ba ta jira izini ba idan jinkiri zai cutar da ita. Tun gyaran da Paparoma Faransis ya yi a 2015 kuma, tana iya shigar da ƙara a kotun cocin inda take zaune, ba sai ta koma garin da aka ɗaura auren ba.

Saboda haka ya wajaba limaman coci su tambayi kowace mai ƙara tun ran farko ko tana tsoron mijin, su cire adireshinta daga duk takardar da zai gani, kada kuma su kira su rana ɗaya. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan gari su ma su kame bakinsu, don sau da yawa labari ta hannun 'yan gida yake komawa Arewa.

Kotun coci ba ta da 'yan sanda. Matar da ake yi wa barazana ta fara neman umurnin kariya daga kotun gwamnati, kamar yadda dokar Jihar Legas ta 2007 ta tanada, sannan ta nufi ofishin Bishof da ƙararta.