Kafin ku ƙwace wayar yaro, ku tambayi abin da yake kallo



Wata magana ta yi yawa a bakin iyaye, a fada, a zaurukan WhatsApp, har da masu bugo mana waya a radiyo: wai desen animen Japon ne ya lalata yara, don haka a ƙwace wayoyi, a hana gaba ɗaya. Mu kam ba mu yarda ba, ko da za a ce mun ɗaure wa yara gindi.

Mai cewa a hana, wanne ya zauna ya kalla daga farko har ƙarshe? Ko ɗaya. Ya hangi manyan idanu da gashi tsaye a fuskar waya, ya ji Faransanci na zuba kamar ruwan Agusta, shi ke nan ya yanke hukunci. Batun hukuncin zane a addini mun bar wa malamai, su ke da fagen. Amma a ce duka shirme ne, wasan yara ne, wannan kam ƙyuyar bincike ce.

Ba mu ne farkon masu wannan firgita ba. A Faransa, tun da Goldorak ya fito a tashar Antenne 2 a 1978 ake ta kuka. A 1989 Ségolène Royal har littafi ta rubuta tana sukar irin waɗannan finafinai. Me aka tarar daga baya? Laifin na gidajen tele ne, da suka ɗauki abin manya irin Ken le Survivant suka saka a lokacin yara, don kawai zane ne. Yau Faransa na cikin ƙasashen da suka fi sayen manga bayan Japon ita kanta. Kuskuren nan nasu muke shirin maimaitawa: mu zuba komai a buhu guda.

Alhali ba guda ba ne. Yawancinsu daga littafi suka fito, ko manga, wato labari cikin zane, ko kuwa wasan kwamfuta, irin Steins;Gate mai maganar aika saƙo zuwa lokacin da ya wuce. Ku ɗauki Dr. Stone, wanda aka fara nunawa a 2019. Mutanen duniya duka sun koma dutse, bayan shekara dubu uku da wani abu wani ɗan lise ya farfaɗo, ba kuran, ba asibiti, ba kanti. Da iliminsa kaɗai ya sake haɗa sabulu, ya narka gilashi, ya samar da lantarki, ya harhaɗa maganin da ya ceci wata yarinya mai ciwon huhu, kuma kowane mataki ana nuna yadda aka yi. Wallahi akwai yaran da suka fara son darasin shimi daga nan, abin da allo da alli suka kasa. A garin da kowa ya san jiran ruwan pampo da ɗaukewar wuta, wannan ne labarin da za mu hana?

Ko Nausicaä na Miyazaki, na 1984. Wani daji mai guba yana cin ƙasa, sarakuna na son su ƙone shi, sai wata yarinya ta gano cewa itatuwan nan su ne ke tsabtace ƙasar da mutane suka ɓata. Manomin Magarya ko Matamaye da ya bar gawo ya tofo a gonarsa har ƙasar ta farfaɗo ba ya buƙatar a yi masa bayani. Akwai ma wani dogo, kashi 110, da aka ciro daga littattafan Yoshiki Tanaka, kan yaƙi tsakanin dimokuraɗiyyar da ta ruɓe da mai mulkin ƙarfi da ya iya aiki. Wannan gardamar kam kowace fada ta san ta, ba sai mun ƙara ba.

Ga abin da ya fi ci mana rai. Japon ta sha bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Shekara bakwai bayan haka Osamu Tezuka ya fara zana yaron ƙarfen nan da muka sani da Astro. Sunansa na asali Atom, ƙanwarsa kuwa Uran, daga uraniyom. Mutane sun ɗauki abin da ya ƙone su suka mai da shi labari, don ɗiyansu su yi tunani a kai: ina amfaninsa, ina sharrinsa, wa ya kamata ya riƙe shi. Mu fa? Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Ga matatar man SORAZ nan kusa da mu tun 2011. Ina labarin da muka shirya wa yaro ɗan Birni ko Garin Malam da zai sa ya yi tunanin Damagaram nan da shekara hamsin? Ba mu ba shi namu ba, kuma muna fushi don ya ɗauki na wasu.

Kada wani ya ce mana zane mai motsi baƙon abu ne a Nijar. Moustapha Alassane, Allah ya jiƙansa, yana cikin na farko a Afirka baki ɗaya. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, da kwaɗi ya yi wa shugabanni shaguɓe. Daga baya ya yi Kokoa, kan kokawarmu ta gargajiya. Ya zauna Tawa yana aikinsa har ya rasu a 2015. Yara nawa a lakwal ɗinmu suka taɓa jin sunansa? Sun san Naruto, ba su san shi ba, kuma wannan ba laifin Japon ba ne.

To, gaskiya ɗaya ce: akwai na banza, akwai kuma masu kyau da ba na yara ba. Akira na 1988 cike yake da jini. Ghost in the Shell na 1995 akwai tsiraici. Yaro ɗan shekara goma ba shi da abin yi da su. Haka yaron da ke kwana kan waya ya je aji yana gyangyaɗi, uwarsa na da gaskiya in ta yi faɗa. Amma ƙwace waya ba ta magance komai, gobe zai kalla a ta abokinsa, a ɓoye, inda ba mai ce masa wannan bai dace ba.

Babbar matsalar harshe ce. Yaro na kallo da Faransanci, uwa ba ta ji, uba ba ya ji, ta ina za su tace? Finafinan Indiya kuwa kowace tsohuwa na bin labarinsu tiryan-tiryan, saboda mutanen Kano sun fassara su da Hausa. In an iya yi wa soyayya da rawa, me ya hana a yi wa labarin da ke koyar da haɗa sabulu da lantarki? Mu ma'aikatan radiyo muna da murya, muna da situdiyo. Jami'ar André Salifou na da ɗaliban da suka iya kwamfuta. Neman izinin masu finafinan aiki ne, mun sani, amma ko shiri na rabin awa a mako da zai gaya wa iyaye wannan na ƴan shekara kaza ne, wancan a bari sai an girma, ba ya buƙatar izinin kowa.

Ku kuma masu tura finafinai a waya, na Kasuwar Dole da na bakin tasha, da ku muke. Yaro ya miƙo muku dala ashirin, kun san abin da kuke zuba masa, mu iyaye ba mu sani ba. Ku raba su gida biyu, na yara daban, na manya daban, ku rubuta a takarda ku manna inda kowa zai gani.