Daga Kafanchan zuwa Nauvoo: Me ake yi da mai sukar addini?

A ranar Juma'a 6 ga Maris, 1987, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta shirya taron wa'azi a harabar makarantar. Baƙon da aka gayyato shi ne Rabaran Abubakar Bako, wanda ya tashi Musulmi daga baya ya koma Kirista. A cikin jawabinsa ya jawo ayoyin Alƙur'ani don kafa hujja, ɗalibai Musulmi kuwa suka ga ya karkatar da ma'anarsu, kuma ya taɓa darajar Annabi Muhammadu (SAW). Wata ɗaliba ta tashi ta ƙalubalance shi, daga nan aka kaure da faɗa. Cikin kwana biyu rikicin ya tsallaka cikin gari, inda Musulmi suka fi yin asarar rayuka da masallatai. Kafin mako ya zagayo wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, waɗanda a lokacin duk jiha ɗaya suke, aka ƙona coci fiye da 100. Janar Ibrahim Babangida ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula, ya kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, asalin maganar muhawara ce a kan nassi. Wani ya ce aya kaza tana nufin kaza, wata ta ce ba haka ba ne. Irin wannan saɓani malaman addinan biyu sun shafe ƙarnoni suna yin sa da alƙalami, kuma akwai malamai a Zariya da Kaduna da za su iya warware wa Rabaran Bako hujjarsa aya bayan aya a zama ɗaya. Ba a kai ga wannan zaman ba. Ra'ayina shi ne, al'ummar da ba ta tanadi hanyar mayar wa mai suka martani da magana ba, to ta bar wa ashana aikin, kuma hukumar da ta ɗauka toshe bakin kowa shi ne magani ba ta fahimci abin da ya faru a Kafanchan ba.

Domin a ga haka a sarari, zan ɗauko misali daga mutanen da ba su da hannu a rigimarmu, wato mabiya ɗarikar Mormon ta Amurka. Su kansu a 2018 shugabansu na wancan lokaci Russell Nelson ya roƙi a daina kiran su da wannan suna, a riƙa kiran cocinsu da cikakken sunansa mai ɗauke da sunan Yesu Almasihu, amma duniya ba ta saurara ba. Na zaɓe su ne saboda ƙalilan ne addinan da suka sha suka kamar su a cikin ƙasa da shekara 200, kuma sun gwada hanyoyi biyu masu kishiyantar juna, kowace an ga abin da ta haifar.

Hanyar farko ita ce ta ƙarfi. A 1844 wanda ya kafa ɗarikar, Joseph Smith, shi ne magajin garin Nauvoo a jihar Ilinoyi, shi ne kuma kwamandan dakarun garin. Wasu tsofaffin na hannun damansa, ciki har da William Law, suka ɓalle suka kafa jarida mai suna Nauvoo Expositor. Fitowa ɗaya tak ta yi, ranar 7 ga Yuni, inda ta zarge shi da auren mata da yawa a ɓoye da kuma haɗa ikon addini da na siyasa a hannunsa. Mai karatu a nan ƙasar zai ce ina abin kunya a auren mace fiye da ɗaya, amma a can doka ta hana, kuma shugabannin suna musantawa a bainar jama'a. Majalisar garin ta yanke cewa jaridar fitina ce, aka je aka farfasa injin buga ta ranar 10 ga Yuni. Wannan ne ya ba maƙiyansu hujjar da suka daɗe suna nema. Aka tsare Smith da ɗan'uwansa Hyrum a kurkukun garin Carthage, ranar 27 ga Yuni gungun mutane suka afka wa kurkukun suka harbe su. Kisan zalunci ne, babu mai wanke waɗanda suka yi shi. Duk da haka, kwana 17 kacal ke tsakanin fasa injin da mutuwar shugaban, kuma kafin shekara biyu ta cika mabiyansa sun fara barin garin da suka gina da hannunsu, suka nausa yamma zuwa inda a yau ake kira Yuta.

Hanya ta biyu ta bayyana a 2011, lokacin da aka fara nuna wani wasan kwaikwayo na waƙa a Niyok wanda aka raɗa wa sunan littafinsu mai tsarki. Wasan ba'a ce tsagwaronta, labarin samari biyu masu wa'azi da aka tura Yuganda, kuma bai bar 'yan Afirka ma ba wajen izgili. Ya yi kasuwa, ya ci kyaututtuka. Cocin bai kai ƙara ba, bai kira zanga-zanga ba. Ya fitar da sanarwa ta jimla ɗaya, daga baya ya sayi filin talla a cikin ƙasidar da ake raba wa 'yan kallo, yana gayyatar su da su karanta littafin da kansu tunda sun ga wasan. A wasu garuruwa masu wa'azinsu sun tsaya a ƙofar gidan wasan suna miƙa littafin ga mai so. Wanda ya shiga don ya yi musu dariya, ya fito ya tarar da su suna yi masa murmushi.

Kada a ce ina kira ga Musulmi ko Kirista su mayar da zagin abin da suke girmamawa abin wasa. Zagi daban, tambaya daban, kuma dokar ƙasa ta san da haka: sashe na 210 na kundin Final Kod ya tanadi hukunci ga mai cin mutuncin addini ta hanyar da za ta iya tada fitina, kamar yadda sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini da yaɗa shi. Wanda ya yi zagi, kotu ce wurinsa. Wanda ya kawo hujja, ko da gurguwa ce, hujja ake mayar masa. Littattafan addinan biyu ma abin da suka koyar ke nan, kowa ya duba aya ta 125 a Suratun Nahli da kuma sura ta 3 a Wasiƙar Bitrus ta Fari.

Akwai kuma mai suka na uku, wanda ya fi wuyar sha'ani, shi ne wanda yake da gaskiya. A nan labarin Mormon ya biyo ta Najeriya. Tun a shekarun 1950 wasu mutane a kudu maso gabashin ƙasar nan suka samu littattafan ɗarikar, suka riƙa rubuta wasiƙu suna neman a turo musu masu wa'azi. Amma a lokacin cocin ba ya naɗa baƙar fata a muƙamin limanci. A 1963 wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Kalifoniya ya gano haka, ya rubuta zazzafan sharhi a jaridar Nigerian Outlook ta Inugu, gwamnatin Najeriya kuma ta riƙa jan ƙafa wajen ba masu wa'azin izinin zama. Sai a watan Yuni na 1978 cocin ya soke wannan wariya, a watan Nuwamba na shekarar aka yi wa rukunin farko na 'yan Najeriya baftisma, ciki har da malamin makaranta Anthony Obinna, a 2005 kuma aka buɗe babban haikalinsu a Aba. A 2013 cocin ya wallafa bayani a shafinsa yana nesanta kansa daga dalilan da magabatansa suka riƙa bayarwa na fifita farar fata. A 2014 ya amince a rubuce cewa lallai Joseph Smith ya auri mata da yawa, wato abin da aka fasa injin jarida a kansa shekara 170 da suka wuce. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba wai sun zama waliyyai ba ne, domin a 1993 sun kori wasu marubuta da masana daga cikinsu saboda rubuce-rubucensu, kuma har yau mai suka na cikin gida ya fi shan wuya a hannunsu fiye da na waje. Wannan ciwo kuwa kowace ɗarika a ƙasar nan ta san shi.

Za a iya cewa Niyok ba Kafanchan ba ce, kuma mai kuɗi da tsaro shi ke iya murmushi ga mai yi masa ba'a. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne kwatancen ya tsaya. A kudancin Kaduna maganar addini ba ta zuwa ita kaɗai. Kafanchan ta bunƙasa ne da mahaɗar jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, ta zama mazaunin Sarkin Jama'a, alhali Fantswam da Kaninkon da Bajju da sauran maƙwabta suna ganin Turawa sun bar su ƙarƙashin sarautar da ba tasu ba. Hausawa da Fulanin garin su ma suna da nasu ƙorafin, na mutanen da aka haifi kakanninsu a wuri amma ake kiran su baƙi. Rikicin Zangon Kataf na 1992 a kan sauya wa kasuwa matsuguni ya fara. Na Kafanchan na 1999 a kan bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda ne. Na 2011 bayan zaɓe ne, aka ƙona kasuwar garin. Babu ɗaya a cikinsu da ya taso daga fassarar aya, amma duk sun ƙare da ƙona wuraren ibada. Saboda haka idan mutum a Zonkwa ko Kagoro ya soki addinin maƙwabcinsa, sau da yawa gona da sarauta yake nufi. Gwamna Ahmed Maƙarfi ya gane haka da ya ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun yankin, kuma yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan da al'ummomi 29 suka sa wa hannu a watan Maris na 2016 ta fi mayar da hankali ga noma da kiwo da 'yan gudun hijira. Duk wanda ya raba ƙorafin ƙasa da na aƙida ya rage wa muhawarar addini nauyin da ba nata ba.

Abin da hukumomi suka fi so kuwa shi ne lasisin wa'azi. Jihar Kaduna tana da dokar tsara wa'azi tun 1984, wato shekara uku kafin Kafanchan, kuma ba ta hana komai ba. An yi mata kwaskwarima a 1987 da 1996, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sake kawo ta a 2016, Musulmi da Kirista da yawa suka haɗu a kan ƙin ta. Dokar da ke neman jami'i ya tantance wane ne ya cancanci magana a kan Ubangiji tana mayar da gwamnati alƙalin aƙida, kuma ranar da ta hana wani ta bar wani, ta zama ɓangare a rigimar.

A nan maganar ta zo kan masu karanta wannan shafi, waɗanda ke rubuta wa ministoci da sanatoci sanarwa, suke kuma riƙe da wayoyinsu. Abin da ya kai wutar 1987 Funtuwa da Katsina labari ne. An daɗe ana zargin rahotannin Rediyon Tarayya na Kaduna na waɗancan kwanaki da ƙara wa abin zafi, domin mutane sun ji an kashe 'yan'uwansu ba tare da sun ji iyakar abin ba. Aikin da rediyo ya yi a kwana uku, yau WhatsApp yana yin sa a minti goma, kamar yadda aka gani a watan Mayu na 2022 a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, inda aka kashe ɗaliba a kan saƙon murya. Kwalejin ilimi ce kuma, bayan shekara 35. A irin wannan rana, sanarwar da ke cewa a kwantar da hankali kawai ba ta da amfani. Jama'a suna son su ji me aka faɗa, wa ya faɗa, yana hannun wa, yaushe za a kai shi gaban alƙali, su wane ne aka kama da laifin ƙone-ƙone. Hadimin da ya bar maigidansa ya yi Allah wadai da zagi ya yi shiru a kan kisa, ko ya yi Allah wadai da kisa yana yi wa zafin zuciyar waɗanda aka zaga dariya, ya zaɓar masa ɓangare ko bai sani ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar addinai ta ƙasa da Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ke jagoranta tun 1999 tana zama a manyan otal, amma faɗan a ɗakin kwanan ɗalibai yake farawa. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar kula da kwalejojin ilimi suna da ikon sa kowace makaranta ta kafa zaure na dindindin, inda limamin makaranta da faston makaranta suka san lambar wayar juna, inda ɗalibin da ya ji an karkatar da nassinsa zai kai ƙara ya samu ranar da malaminsa zai mayar da martani a gaban waɗanda suka ji maganar farko. Akwai waɗanda za su koyar da yadda ake yi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasan ɓangarori biyu a rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Tun 1995 suke aiki tare a Kaduna, sun shiga tsakani a Yelwan Shendam da Kenya, kuma har yau babu wanda ya karɓi aƙidar ɗan'uwansa a cikinsu.