Ƙarya ne, caja ba duka ɗaya ba ce

1/ Jama'a, akwai maganar da ke ƙona min rai: "Ai caja caja ce, tunda tana kawo wuta." Mutum zai tara kuɗi ya sayi waya mai tsada, sai a wajen caja ya tuna da tattali. Ku zo mu buɗe cikinta.

2/ Wutar soket ɗinmu volt 230 ce. Wayarka kuwa volt 5 ta ishe ta a caji na yau da kullum. Da can babbar taransifoma ake sa wa ta sauke wutar, ga nauyi kamar bulo, ga asarar wuta da ke komawa zafi.

3/ Ta yanzu dabara ta canza. Tana fara miƙe wutar ta kai kusan volt 325, sai wani taransista ya riƙa kunnawa da kashewa sau dubun dubata a daƙiƙa ɗaya. Wannan saurin ne ya sa taransifomar ta ƙanƙance kamar ƙwallon dabino, asarar ma ta ragu sosai.

4/ Ka ji fa: volt 325 a cikin abin da kake dunƙulewa a hannu. Abin da ya raba shi da yatsanka kawai rufin wayoyin taransifomar ne da tazarar 'yan milimita a kan allon ciki. Nan ne masu jabu suke cin ribarsu.

5/ Su matse tazarar. Su rage rufin. Su cire fiyus. Su cire abin tace wutar. Daga waje fes, har da tambarin babban kamfani. Ranar farko za ta yi caji lafiya lau, shi ya sa muke ruɗuwa.

6/ A 2016 kamfanin gwaji na UL ya gwada cajojin Apple na jabu guda 400. Uku kacal suka tsallake. A 2013 ma, bayan rasuwar wata mata a China tana amfani da waya a caji, Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba nasa ba.

7/ Kuma mu daina ɗora wa NEPA komai. Duba jikin caja mai kyau, za ka ga 100–240V. An ƙera ta ne ta riƙe volt ɗinta daidai ko wuta ta yi ƙasa. In wuta ta yi tsalle kuma, fiyus ɗinta ne zai mutu, ba wayarka ba.

8/ Wani zai ce min "Malam, babu ce." Na yarda, ana cikin yanayi. Amma arha ba ta ado. Wanda ba shi da kuɗin caja mai kyau, ina zai samo na gyaran waya, balle na katifar da ta kama da wuta?

9/ In ka jona caji allon wayar ya fara danna kansa, ko ta yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, ko tana ƙara, ko kana jin warin ƙuna, cire ta. Kada ka bai wa ƙanenka, jefar da ita.

10/ Masu shago, ku ji tsoron Allah, ku riƙa faɗa wa mutane wacce ce wacce. Ku kuma 'yan uwa, don Allah a daina kwana da waya a caji ƙarƙashin filo. Tura wa wanda ka san cajarsa na ɗaure da salatif.