Bayan an ɗinke, wa zai kula da mai jego a Sabha?

A unguwar Jadid da sauran unguwannin birnin Sabha na Libiya akwai matanmu da yawa daga Agadez, Zinder da Kano. Idan haihuwa ta zo wa ɗayarsu da gardama, Cibiyar Lafiya ta Sabha ake nufa, wadda ita ce madogarar mutanen Murzuk da Ubari ma. Tarabulus kuwa tafiyar fiye da kilomita 700 ce.

Tiyatar ciro jariri tana ceton rai, wannan ba abin musu ba ne. Damuwarmu ita ce kwanakin da ke biyo baya, musamman ga mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wadda aka taɓa yi wa aiki sau biyu ko uku, domin mabiyiya kan manne a tabon mahaifa ta jawo zubar jini mai yawa. Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2019 ya gano cewa mace a Afirka ta fi takwararta ta ƙasashe masu arziki haɗarin mutuwa bayan wannan aiki kusan ninki 50.

Baƙuwa marar takarda takan gudu gida da wuri saboda tsoro ko tsadar magani. Can ɗinki zai fara ruwa, zazzaɓi ya taso, a ce jego ne, a ɗora mata ruwan zafi da kunun kanwa.

Shugabannin Hausawa mazauna Sabha su tanadi jerin masu ba da jini tun kafin naƙuda. Maigida kuma, da ya ga zazzaɓi, warin ɗinki, kumburin ƙafa ɗaya ko ciwon kai mai tsanani, ya mayar da ita asibiti a daren.