Ƙafa Biyu a Kan Gajeriyar Bindiga: Ƙari Ne Ko Ƙarin Kaya?

Daren Asabar ɗin da ta wuce mun sha kashi a PUBG Mobile, a taswirar Sanhok, saura ƙungiya uku kacal a fili, kuma har yau musun da ya biyo baya bai mutu ba a guruf ɗinmu na WhatsApp. Ɗaya daga cikinmu ya tsinci QBU, ya lura cewa idan ya kwanta rub da ciki tana buɗe wasu 'yan ƙafafu biyu ta kafa su a ƙasa, shi ke nan ya manne da ciyawa kamar an shafa masa gam. Zon na matsowa, muna ta kiran sa ya tashi, shi kuwa yana cewa mu dakata, yanzu bindigarsa ta zauna daram. Wani ya zagayo ta bayan dutse ya gama da shi, mu ma muka bi sahu garin ceto. Washegari maimakon ya ba da haƙuri sai ya zo da sabuwar magana: wai ƙafafun nan alheri ne, da ma masu gem ɗin za su bari a liƙa su a jikin AUG da Groza.

Na ce masa a'a, kuma ina nan a kan bakana. Ni mai rubuta manhaja ne, ba soja ba. A allon waya da karance-karance na san bindigogin nan, kuma dokar Najeriya ba ta bai wa farar hula damar riƙe irinsu ba. Amma tambayar tasa ta zanen kaya ce, irin wadda nake karo da ita kullum a wurin aiki: yaushe ƙarin abu yake gyara na'ura, yaushe kuma yake ɓata ta?

QBU da AUG da Groza da FAMAS duk 'yan gida ɗaya ne, gidan da ake kira bulfof. A bindigar da muka saba gani, irin AK-47, gidan harsashi yana gaban kunama ne, sannan akwai dogon gindi a baya wanda ba ya aikin komai sai jingina da kafaɗa. Masu zana bulfof suka ce wannan gindin asarar wuri ne. Sai suka mayar da injin bindigar da gidan harsashin bayan kunama, cikin gindin kansa. Bututun bai ragu ba, amma bindigar gaba ɗaya ta gajarce.

Alƙaluma sun fi baki bayani. Steyr AUG ta ƙasar Ostiriya, wadda sojojinsu ke kira StG 77 saboda shekarar 1977, tana da bututu mai tsawon milimita 508, ita kuma duka tsawonta milimita 790 ne. M16 ta Amurka tana da bututu mai wannan tsawon daidai, amma ita ta kai kusan mita guda. Wato an rage fiye da santimita 20 ba tare da an taɓa bututu ba. Ga sojan da ke fita daga motar sulke, ko yake leƙa ƙofa cikin lungu, wannan tazarar ba wasa ba ce. Akwai ma AUG mai bututun milimita 407, wadda duka tsawonta bai wuce milimita 690 ba. Irin waɗannan gajerun nake nufi a nan.

Ita kuwa ƙafa biyun, wadda ake kira baifod, aikinta ɗaya ne: ta ɗauke wa hannu nauyin gaban bindiga ta ɗora shi a ƙasa, domin mai harbi ya daɗe yana saiti ba tare da hannunsa ya fara rawa ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo da waya yana zuƙo abu mai nisa ya san yadda ƙaramar rawar hannu ke zama girgizar ƙasa a allo, shi ya sa ake sayen sandar ɗora waya mai ƙafa uku. To amma ka lura da sharaɗin da ke ciki. Sai ka tsaya wuri ɗaya, sai ka kwanta ko ka sami katanga, sai kuma abin da kake hange yana nesa. An gajarce bulfof ne domin mai ita ya yi ta motsi a matsattsen wuri. An ƙirƙiri ƙafa biyu domin wanda ya yanke shawarar ba zai motsa ba. Tun daga nan aure ya fara tsami.

Sai maganar nauyi. Daɗin bulfof shi ne nauyinta yana baya, kusa da kafaɗa, gabanta sakayau, shi ya sa take saurin juyawa. Ƙafa biyun ƙarfe da aka saba sayarwa tana kai giram ɗari uku zuwa ɗari huɗu. Ba yawa ba ne idan a aljihu yake, amma a can ƙarshen gaba ake rataya shi. Ka riƙe fawa bank a ƙirjinka, sannan ka miƙe hannu da shi na minti biyu, za ka gane bambancin. Ka ɗauki nauyin nan duk yini, yana rage maka saurin ɗaga baki a kowace kusurwa, domin wani minti biyar da wataƙila za ka kwanta. Ga kuma rashin wuri: gaban gajeriyar bulfof bai fi inda hannun hagu zai kama ba. AUG ma da nata mariƙin gaba mai naɗewa ta zo. Idan ka cusa ƙafafu a wurin, ina hannun zai zauna?

Wanda ya fi burge ni shi ne lissafin, domin shi ne ba a cika faɗa ba. Idan bindiga ta zauna a kan ƙafa biyu, wurin ƙafafun ya zama kamar tsakiyar sikeli: kafaɗarka na gefe guda, abin da kake hange na can ɗaya gefen. Mu ƙaddara tsakanin kafaɗa da ƙafafun santimita 80 ne, kamar a doguwar bindiga. Idan numfashi ya motsa kafaɗar da milimita ɗaya tak, a nisan mita 300 saitin zai kauce da santimita 37 da rabi. Yanzu ka matso da ƙafafun zuwa santimita 50, kamar yadda gajeriyar bulfof za ta tilasta maka. Wannan milimita ɗayan dai ya zama santimita 60. Ka buga a kalkuletar wayarka ka gani: 300 a raba da 0.8, sannan 300 a raba da 0.5. Gajartar da ta sa bindigar ta yi daɗi a lungu ita ce take rage wa ƙafafun amfani a fili. Kuma idan harsashi ya ƙare kana kwance, gidan harsashin yana can ƙarƙashin hammatarka, sai ka karkata jiki ko ka ɗaga gindin kafin ka canza shi, zaman daram ɗin da ka sha wahala ka samu ya tafi.

Abokin nawa ba wawa ba ne, ya yi nasa binciken, kuma ya jefo ni da FAMAS. Gaskiya ne, bindigar nan ta Faransa da aka ƙera a Saint-Étienne, wadda sojojinsu suka karɓa a 1978, bulfof ce mai tsawon milimita 757, kuma da ƙafafunta biyu aka haife ta. Ta yi kusan shekara arba'in tana aiki kafin a 2017 a fara maye gurbinta da HK416F, wadda ba bulfof ba ce. Na yarda wannan hujja ce mai ƙarfi. Haka kuma na yarda da cewa tunda bututun bulfof bai ragu ba, harsashinta na iya kai wa nesa kamar na doguwar bindiga, don haka ba hauka ba ne mutum ya so abin da zai taimaka masa ya ci moriyar nisan.

Sai dai ka kalli hoton FAMAS da kyau. Ƙafafun sirara ne, suna naɗewa su kwanta a gefen jikinta, ba sa tare wurin hannu. Tun a takarda aka zana su tare da bindigar. Wannan daban yake da a sayo ƙafafu a ɗaura wa abin da ba a yi masa wurinsu ba. Sauran misalan kuwa ni suke goya wa baya. Lokacin da Steyr ta so AUG mai ƙafa biyu, ba ta liƙa su a kan gajeriyar ba, sai ta fitar da wata mai kauri da tsawon bututu, milimita 621. Ingila ma haka ta yi a gidan SA80 da ta fara amfani da shi a 1985: L85 ta kowane soja ba ta da ƙafafu, L86 mai bututun milimita 646 ita aka ba su. Ita L86 ɗin an so ta riƙa ruwan wuta ne, amma gidan harsashi mai cin 30 bai isa wannan aikin ba, sai aka koma amfani da ita wajen harbin nesa saboda iya saitinta, daga baya aka ajiye ta. QBU ɗin da ta jawo mana wannan rigimar ita ma asalinta QBU-88 ce ta ƙasar Sin, an yi ta ne musamman domin mai harbi daga nesa. A duk inda injiniyoyi suka ga ana buƙatar ƙafafu, sai da suka fara tsawaita bindigar suka canza mata aiki.

Na taɓa yin irin wannan kuskuren da hannuna. Wani mai shagon kayan masarufi ya sa na rubuta masa 'yar manhajar rubuta bashi: suna, kaya, kuɗi, kwanan wata. Tana buɗewa nan take ko a tsohuwar waya mai ram giga ɗaya, kuma ba ta neman data. Da ya ji daɗinta sai buƙatu suka fara zuwa: a sa hoton kowane kaya, a sa jadawalin riba mai launi, a sa wurin hira da kwastoma. Ni kuma ina jin daɗin nuna na iya, na zuba duka. Ranar da na je shagon na tarar yaronsa ya koma rubuta bashi a littafi, domin kafin manhajar ta buɗe mai saye ya gaji da tsayuwa. Kowane ƙari da na yi yana da amfani a karan kansa, ba wanda za ka ce banza ne. Tare suka kashe dalilin da ya sa aka so ta tun farko. Facebook Lite da ta fito a 2015 ba ta kai megabait ɗaya ba, kuma don ƙananan wayoyi da raunin netwok irin namu aka yi ta haka.

A cikin gem ɗin ma, masu PUBG ba su raba ƙafafun nan barkatai ba. DP-28 da M249 da Mk14 da QBU suna cikin waɗanda ke samun sauƙin tsallen baki idan ka kwanta, kuma dukkansu ko dai na ruwan wuta ne ko na nesa. Groza, wadda Rasha ta ƙera a Tula a shekarun 1990 domin faɗan kusa, ko mariƙin gaba ba ta karɓa a gem ɗin. Ba mantuwa suka yi ba. Sannan kwanciya tana da farashi: juyawarka ta ragu, tashi na cin lokaci, kanka ne abu na farko da mai fuskantarka zai gani, gurneti kuma ba ya tambayar ko bindigarka ta zauna. Sanhok kilomita huɗu ce a kan huɗu, rabin faɗin Erangel, ga ciyawa ga duwatsu, yawancin karo a kusa ake yin sa. Idan kana saman tudu, zon na wajenka, abokanka na tsare maka baya, kwanta da QBU ka more ƙafafunta, don wannan aka yi su. Da zarar da'irar ta ƙanƙance, ko ka ji takun ƙafa a iyafis, tashi.

Mun yi da shi cewa Asabar mai zuwa zai riƙe QBU ya hau tudu, ni in ɗauki duk gajeriyar da na samu in tsaya a bayansa, mu buga wasa biyar mu ƙirga sau nawa kwanciyar ta cece shi, sau nawa ta kashe shi. Ya amince, da sharaɗin wanda ya faɗi shi zai saya wa ɗayan datar wata guda.